Farautar Hoto a Gaɓar Benguela

A Cape Cross, kimanin kilomita 120 arewa da garin Swakopmund na ƙasar Namibiya, wari ne ke fara yi wa baƙo maraba tun bai sauka daga mota ba. Kuka ya biyo baya, mai kama da na kasuwar awaki ana gobe Sallah. Sai daga baya ido zai tantance cewa baƙaƙen abubuwan da suka rufe gaɓar duka, tun daga kan duwatsu har cikin igiyar ruwa, masu rai ne. Karnukan teku ne, dabbobi masu shayarwa da ke kwana a tudu su yi farauta a ruwa. A watannin Nuwamba da Disamba, lokacin haihuwa, yawansu a wannan wuri kaɗai kan haura dubu ɗari. A nan ne matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Diogo Cão, ya kafa gicciyen dutse a shekarar 1486, wurin ya samu sunansa.

Hukuma ta shimfiɗa gadar katako mai shinge a gefen taron, baƙo ba ya sauka daga kanta. Wanda ya zo da waya zai koma gida da hoton tarin baƙin abu a kan yashi. Wanda ya zo da doguwar lens mai zuƙo nesa yana iya ware uwa guda daga cikin dubbai, ya kamo lokacin da ta dawo daga kiwon kwanaki a teku tana kiran ɗanta, ta sunsune shi ta tabbatar nata ne kafin ta ba shi nono. Bambancin nan ne ya sa masu ɗaukar hoton namun daji ke ɗauko ƙarfe da gilashi na kusan kilo biyu su taho wannan gaɓa, wadda ta miƙe daga kudancin Angola ta ratsa Namibiya har Cape Town.

Abin da ya tara rayuka a nan shi ne ruwan sanyi. Kwararon Benguela yana bin gaɓar daga kudu zuwa arewa, iskar kudu kuma tana ture ruwan sama zuwa cikin teku, na ƙasa mai sanyi da sinadaran abinci ya taso ya maye gurbinsa. Ƙananan tsirran ruwa su yi ta yaɗuwa, kifin sadin da ancobi su ci, tsuntsaye da karnukan teku da dolfin su ci kifin. Wannan ruwan sanyin dai shi ne ke hana hamadar Namib ruwan sama, ya kuma lulluɓe gaɓarta da hazo mai danshi da safe. Mai hoto a nan yana aiki ne tsakanin hamada da teku, kowannensu na da irin tasa fitinar.

Lissafin nesa

Tsawon lens da milimita ake auna shi, kuma lissafinsa ba shi da wuya. A kyamara mai cikakkiyar sensa, wadda faɗinta milimita 36 ne, lens da aka zuƙo zuwa 600 tana ganin fili mai faɗin mita shida ne kawai a nisan mita ɗari. A mita talatin, abin da take gani bai kai mita biyu ba. Idan aka mayar da ita 150, filin da ke nisan mita ɗari ya zama mita 24. Kyamarori masu ƙaramar sensa suna ƙara matse filin da kusan ninki ɗaya da rabi, shi ya sa masu hoton tsuntsaye da yawa ba sa raina su.

A da, kaiwa 600 sai mai hali. Lens mai tsayayyen tsawo na 600 da ƙofar haske f/4 kuɗinta ya haura dala dubu goma, nauyinta kuma sai da maɗora. Al'amarin ya sauya a ƙarshen 2013 da kamfanin Tamron ya fitar da 150 zuwa 600 a kan dala dubu ɗaya da 'yan kai. Sigma ya biyo baya, Nikon ya kawo 200 zuwa 500 a 2015, Sony ya kawo 200 zuwa 600 a 2019. Arahar tana da farashinta. Mafi yawan waɗannan lens ɗin, in an zuƙo su ƙarshe, ƙofarsu ba ta wuce f/6.3, wato hasken da suke shigarwa ya gaza na f/4 da kusan ninki biyu da rabi. Da asuba ko cikin hazo, dole a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, hoton ya yi ɗan tsakitsaki.

A ganina, a bakin teku mai zuƙowa ta fi tsayayya amfani, ko da kuɗi ba matsala ba ne. Dalilin yana bayyana a Cape Cross kansa. Kana kan fuskar wani ƙaton namiji mai nauyin sama da kilo 200 yana hamma, sai ga dila ta ratso ta bayan taron tana neman jaririn da uwarsa ta bari. Labarin ya koma na dila da tazarar da ke tsakaninta da jaririn da iyayen da ke ɗaga kai, kuma 600 ta yi masa ƙunci. Murɗa hannu guda ta mayar da kai 250. Mai tsayayyar lens sai dai ya sauya ta, sauya lens a wurin da iska ke ɗauke da yashi da gishiri kuwa buɗe wa sensa ƙofar lalacewa ne.

Shingen katakon ba don ado aka yi shi ba. In taron ya firgita, manya kan ruga ruwa su tattake jarirai. Tun 2024 kuma wani dalili ya ƙaru: hukumomin Afirka ta Kudu sun tabbatar da ciwon haukan kare yana yawo tsakanin karnukan teku na gaɓarsu, abin da ba a taɓa ganin irinsa a dabbobin teku ba. Wanda ya ga ɗaya kwance shi kaɗai a yashi ya ce zai matsa ya yi hoto da shi, ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa.

Wata, iska da kawalwalniya

Kudu da Swakopmund akwai Walvis Bay, tashar jiragen ruwa mai tafkin gishiri da aka sa cikin jerin dausayin Ramsar a 1995. Nan ne gidan filamingo iri biyu: babba mai farin jiki da baki mai baƙin tsini, da ƙarami mai jan jiki da baki mai duhu. Akwai kwasakwasa, akwai dubban ƙananan tsuntsayen gaɓa da ke tahowa daga arewacin Turai da Asiya su yi hunturu. Ana iya ganinsu daga bakin titin cikin gari, abin da ke sa baƙo ya ɗauka aikin mai sauƙi ne.

Teku ce ke tsara lokacin aiki a nan. Tana cikowa sau biyu ta janye sau biyu a yini, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti hamsin. Ga wanda ya saba lissafin watan Musulunci, abin a tafin hannu yake: cikowa mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne daf da tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. In ruwa ya janye ƙarshe, filamingo suna can nesa a kan laka, ko 600 ba ta yi musu komai. Masu sanin wurin kan zauna a ƙasa tun ruwa yana fara dawowa, su yi shiru. Ruwan da kansa zai yi ta turo tsuntsayen wajensu, suna tafe suna tace abinci da kai a kife, har su iso nisan da mutum ba zai taɓa samu ba in shi ne ya tafi wajensu. Zaman ƙasan yana da wata fa'ida. Lens da ke daidai da idon tsuntsu tana jefa bayansa can nesa ya narke ya zama launi kawai, wadda aka ɗauka a tsaye kuwa laka ce za ta cika hoton.

Gaɓar tana fuskantar yamma, don haka da safe rana tana bayan mai hoto in ya dubi teku. Da rana ta karkata, iskar kudu maso yamma takan tashi da ƙarfi. Doguwar lens mai faffaɗar rumfa a baki iska na kaɗa ta, kuma a 600 ɗan motsin da hannu bai ji ba ya isa ya dusashe ido da gashin tsuntsu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin shata kada ya gaza tsawon lens, wato ɗaya bisa 600 na daƙiƙa ga lens ta 600. Na'urar hana girgiza ta zamani ta sassauta wannan, amma hannun mai hoto kaɗai take gyarawa. Tsuntsun da ke tashi sai an ba shi ɗaya bisa 2000 ko fiye. Tsuntsaye kuma suna tashi su sauka ne suna fuskantar iska, saboda haka in iska na busa maka a fuska, bayansu za ka yi ta ɗauka.

Akwai abokiyar gaba da ba ta da magani. In rana ta gasa yashi ko laka, iskar da ke samansu takan yi ta rawa, irin kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta da tsakar rana. Ido kan yi biris da ita a mita hamsin, lens kuwa zuƙo ta take yi tare da tsuntsun. Hoton sai ya fito kamar saiti bai kama ba, mutum ya yi ta zargin kyamara ko ya ƙara gilashin ninka tsawo, abin ya daɗa taɓarɓarewa. Mafita ita ce fitowa da sassafe, ko jiran hazon nan da baƙi ke tsaki a kansa. Hazon yana sanyaya ƙasa, yana tausasa haske, kuma jiƙaƙƙen gashin karen teku mai ƙyalli a ƙarƙashinsa ne yake fitowa da kyau.

Gishiri shi ma ba ya barci. Feshin teku yana sauka a kan gilashi ko ba a gan shi ba, in ya bushe ya zama tsakuwa ƙanana. Wanda ya goge da busasshen ƙyalle ya karce gilashinsa da hannunsa. Ana fara hure shi, sannan a bi da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan daɗi. Lens da ke miƙewa in an zuƙo ta tana shaƙar iska ta fitar, tare da duk abin da ke cikin iskar, shi ya sa masu zuƙowa daga ciki suka fi jure wannan gaɓa.

Daga Walvis Bay jiragen yawon buɗe ido kan tafi Pelican Point. A kan jirgi maɗora mai ƙafa uku ba ta da amfani, jingina lens da ƙarfen jirgi kuma girgizar inji yake turo mata. Ƙafafu a buɗe, gwiwa a sake, gwiwar hannu a manne da ƙirji. Abin nema a nan shi ne dolfin na Heaviside, ɗan ƙarami da bai kai mita biyu ba, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a ruwan Benguela. Yakan ɓullo ya nutse cikin ƙiftawar ido, kuma neman sa ta fili mai ƙunci irin na 600 ɓata lokaci ne. Ana barin lens a wajen 200, ido biyu a buɗe, a kama shi tukuna. Wasu jiragen kan jefa kifi don kwasakwasa da karnukan teku su hau jirgi. Hotunan kan yi kyau, amma ni ban ƙirga su cikin hoton namun daji ba, hoton dabbar da ta koyi bara ne.

Abin da lens ke yankewa

A Simon's Town, kudu da Cape Town, akwai gaɓar Boulders, inda tsuntsayen fengwin na Afirka suka soma yin gida a farkon shekarun 1980 a tsakiyar unguwar mutane. Ba sa tashi sama, tsayinsu bai wuce santimita saba'in ba, kuma daga gadar katako ana ganinsu a 'yan mitoci. Duk da kusancin, doguwar lens na da aiki, domin fuska da jan tabon da ke saman idonsu da ɗigon baƙin da ke ƙirjinsu sai an zuƙo. Wahalarsu ta haske ce: farin ciki da baƙin baya a kan farin yashi. In aka bar kyamara ta auna da kanta, ko dai farin ya ƙone babu gashi ko ɗaya da za a gani, ko baƙin ya toshe ido ya ɓace a cikinsa. Ana kare farin, domin abin da ya ƙone ba ya dawowa, baƙin kuwa ana iya ɗago shi a kwamfuta in an ɗauka a tsarin RAW. Ranar da gajimare ya rufe rana ta fi musu kyau.

Sai dai a nan ne ya kamata mai hoto ya tuhumi kayan aikinsa. Doguwar lens tana matse nesa da kusa wuri guda, tana kuma yanke duk abin da ke gefe. Fengwin ashirin da ke warwatse a yashi sai su fito cunkus, gidajen da ke bayansu da sheƙoƙin roba da ma'aikata suka binne musu duk su ɓace. Mai kallo ya ga yalwa. Gaskiyar kuwa ita ce a Oktoban 2024 ƙungiyar IUCN ta sa wannan tsuntsu a matakin da ke daf da ƙarewa, bayan yawansa ya ragu da kusan kashi 97 cikin ɗari, ma'auratan da ke haihuwa kuma suka gaza dubu goma. An kwashe tarin kashin tsuntsaye da suke haƙa rami a ciki aka sayar a matsayin taki, an yi shekaru ana kwasar ƙwansu, man jirgin Treasure da ya nutse a shekarar 2000 ya ɓata jikin kusan 19,000 daga cikinsu, yanzu kuma sadin da ancobi sun yi ƙaranci kusa da tsibiransu. Sai a Maris na 2025, bayan ƙarar da BirdLife South Africa da SANCCOB suka shigar, babbar kotu a Pretoria ta amince da yarjejeniyar hana kamun waɗannan kifaye a kewayen manyan matattaransu shida na tsawon shekara goma. Mai zuƙowa tana da wani gefen, kuma hoton da aka ɗauka a 150, da rufin gidaje da yashin da babu kowa a kansa, ya fi faɗin halin da ake ciki.

Sau ɗaya a shekara fengwin kan zubar da gashinsa duka. Kusan mako uku yake yi a tudu ba ya shiga ruwa, ba ya cin komai, kitsen jikinsa yake ƙonawa. Yakan tsaya cak a yamutse, har ya ba mai hoto sha'awar matsawa tunda ba ya gudu. Duk takun da aka tilasta masa a wannan lokaci daga abin da zai kai shi ƙarshen azumin ake cirewa.

Kan wel da wutsiyarsa

Hermanus yana kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da Cape Town, ya ɗan fita daga ruwan Benguela, amma tafiyar ba ta cika sai da shi. Daga Yuni zuwa Nuwamba manyan wel na kudu kan taho daga ruwan sanyin kusa da Antaktika su haihu a mashigar Walker Bay. Ba kifaye ba ne, masu shayarwa ne da ke shaƙar iska, tsawonsu na kai mita 15. Garin na da hanyar ƙafa ta kimanin kilomita 12 a kan gaɓar dutse, yana kuma da mai shela da ke busa ƙahon busasshiyar ciyawar teku in an hango su, al'adar da aka fara a 1992. Doka ta hana jirgin da ba shi da izini matsawa ƙasa da mita 300 daga wel. A wannan nisa 600 tana ganin mita 18, daidai tsawon dabbar da ɗan sarari. Daga kan dutse kuwa su da kansu kan matso fiye da haka.

Irin wannan wel ba shi da fiffike a baya, kuma numfashinsa yana fita reshe biyu, da haka ake gane shi daga nesa. Abin da kowa ke so shi ne tsallensa daga ruwa. Na farko kusan kullum yana wuce mai hoto. Amma wanda ya yi tsalle sau ɗaya yakan maimaita, don haka ana ja da lens baya kaɗan, a saita ta a kan ruwan da ke gaban inda ya faɗa, a ɗaga saurin shata, a jira.

Hoton da ya fi amfani ba shi ne mai ban mamakin ba. A kan kowane wel na kudu akwai fararen ƙuraje masu kauri, kuma tsarinsu bai taɓa zama ɗaya a dabbobi biyu ba. Roger Payne da abokan aikinsa ne suka fara amfani da wannan a Ajantina a farkon shekarun 1970. A Afirka ta Kudu, Peter Best ya soma ƙirga su daga sama a 1969, tun 1979 kuma sashen binciken wel na Jami'ar Pretoria ke ɗaukar hoton kan kowace uwa mai ɗa duk shekara. Da wannan kundin aka gane cewa iyayen da a da suke haihuwa duk shekara uku sun koma huɗu da biyar, sun kuma rame. Haka aka gane wasu dabbobin oka biyu, wato manyan dolfin masu farauta, da aka raɗa wa Port da Starboard, saboda fiffiken bayan ɗaya ya karya hagu na ɗayan ya karya dama. Tun 2017 ake alaƙanta su da gawarwakin manyan kifayen shak da teku ke fitarwa a Gansbaai an cire musu hanta.

Wel mai doro kuwa a ƙarƙashin wutsiya yake ɗauke da shaidarsa, zanen fari da baƙi da tsagin gefe. Shi ne irin da ke haurowa har mashigin tekun Gini don haihuwa, ana ganinsa a ruwan Gabon da Najeriya da Benin da Togo da Ghana, don haka mai doguwar lens a Legas ko Ankara ba sai ya je Hermanus ba. Rumbun Happywhale, wanda Ted Cheeseman ya kafa a 2015, yana karɓar hoton wutsiya daga kowa, kwamfuta ta gwada shi da na dubban da aka riga aka sani. Sharaɗin shi ne wutsiyar ta fito sarai daga baya, agogon kyamara ya zama daidai, a kuma san wurin da aka ɗauka. Ta wannan hanya aka gano wani namiji da aka ɗauka a gaɓar Kolombiya ta tekun Pasifik a 2013 da 2017, sannan aka sake ɗaukarsa kusa da Zanzibar a 2022, tazarar da ta haura kilomita 13,000.